Yadda Ake Jinyar Raunin Ƙaramin Kare a Gida

A nan Kebbi kare ma'aikaci ne. Yana gadin gida a Birnin Kebbi da Jega, yana kwana a bakin garke a rugar Fulani, yana bin mafarauta daji a ƙasar Zuru, yana tsare gona a bakin fadama. Mai irin wannan zirga-zirga ba ya rabuwa da rauni, balle ɗan kwikwiyo ko karen da ƙirarsa ƙarama ce, wanda ke cusa kai duk inda ya ga kafa. Yau gefen tsohon kwano ya yanke shi, gobe waya ta karce shi, wata rana ya raɓi babur salansa ta ƙona shi, ko babban kare ya cafke shi a wuya.

Abin da ke damuna shi ne yawancin raunukan nan ƙanana ne a ranar farko, a hannun mai gida suke lalacewa. A ɗauko baƙin mai a shafa, a zuba kananzir, a barbaɗa toka ko garin batir, in tsutsa ta shiga a ɗiga maganin ƙwari Sniper. Da niyyar taimako ake yi, amma duk waɗannan ƙona nama suke yi, kuma kare lasa yake, abin da ka shafa masa a fata a cikinsa zai ƙare. Raunin da ruwan gishiri zai warkar cikin mako biyu sai ya zama gyambon da ake fama da shi wata da watanni.

Akwai kuma masu ƙyamar taɓa kare ko da yana cikin wahala. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Jini da mugunya su ne najasa, kuma ruwa yana gusar da su. Hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Bukhari da Muslim. Dabbar da ka ajiye tana yi maka aiki, jinyarta a wuyanka take.

Kafin ka kai hannu

Kare mai jin zafi yana cizon uban gidansa, ko da kai ka raine shi tun yana shan nono. Saboda haka aikin na mutum biyu ne, manya, a kori yara daga wurin. Ku kai shi inuwa, ku shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma mai tsabta. Ka sa masa takunkumi da ƙyalle mai laushi mai tsawon kamu uku ko huɗu: ka zagaya bakinsa ka ɗaure a saman hanci, ka sauko da bakin ƙyallen biyu ka gitta su a ƙarƙashin haɓa, ka kai su bayan kunnuwa ka ƙulla. Kada ka yi da waya ko igiyar roba. In yana amai, ko numfashi na yi masa wuya, ko raunin a fuska yake, bar takunkumin, a lulluɓe shi da bargo ko zane a riƙe. Kuma a tuna cewa kare da haki yake sanyaya jikinsa. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da garinmu ke haura digiri 40, kada takunkumi ya wuce 'yan mintoci a bakinsa.

Ka wanke hannu da sabulu, ka sa safar hannu ta kemis. In babu, leda mai tsabta ta isa. Wannan ya fi zama dole idan wani kare ne ya cije shi, domin yawun wancan karen yana nan a kan raunin.

In jini na zuba

Ka ninke ƙyalle mai tsabta ko bandeji, ka ɗora a kan raunin, ka danna da tafin hannu minti 5 zuwa 10 ba tare da ɗagawa ba. Yawan ɗagawa a leƙa shi ke fasa gudan jinin da ya fara toshe wurin. In ƙyallen ya jiƙe, ɗora wani a kansa, kada ka cire na farkon. Kunne da tafin ƙafa suna zubar da jini sosai. Na kunne, ka danne shi tsakanin yatsu da ƙyalle, sannan ka kwantar da kunnen a kan kai ka naɗe, domin da ya kaɗa kai jinin zai dawo. Kada ka ɗaure ƙafa tamau da roba don tsayar da jini, ƙafar na iya mutuwa.

Kada ka raina jinin ƙaramin kare. Karen da nauyinsa kilo 5 ne, duk jinin jikinsa bai cika ledar ruwa ɗaya ta rabin lita ba. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi: na lafiyayye ja-ja ne mai haske. In ka ga ya yi fari fat, ko jini na tsartuwa, ko an yi minti 10 ana dannawa bai tsaya ba, ɗauke shi sai wurin likita, hannu na kan raunin har ku isa.

Wanne ne na gida, wanne ne na likita

Nan ya kamata mutum ya tsaya ya duba da kyau, don kuskuren da aka yi a wannan gaɓa ba ya gyaruwa da yawan wanki. Na gida shi ne ƙujewa, karce, ƙaramin yanka da bai ratsa fata ya buɗe baki ba, ƙuna ƙarama, da ƙayar da kake ganin kanta. Kare yana tafiya, yana ci, yana sha, idonsa garau.

Wanda ya buɗe har kana hango nama, kitse, jijiya ko ƙashi, ɗinki yake so, kuma ɗinki ya fi kamawa in an yi shi cikin awa 6 zuwa 8. Haka raunin ido da gefensa, na kan gaɓa, da duk wanda ya huda ƙirji ko ciki. Karen da mota ko babur ya buge, ko da ƙujewa kawai ka gani, likita ya duba shi, don ɓarnar na iya zama a ciki.

Cizon kare shi ne ya fi yaudarar mutane. Za ka ga 'yan huji biyu ko huɗu, jini kaɗan, ka ce da sauƙi. Alhali babban kare in ya kama ƙarami girgiza shi yake yi, haƙori ya raba fata da nama ta ƙarƙashi, ya bar ƙwayoyin cuta a can ciki. Bayan kwana biyu ko uku sai wurin ya kumbura ya tara mugunya. Ka wanke shi yadda zan bayyana, amma ka kai shi asibiti a ranar, musamman in a wuya ne, ƙirji ko ciki. Haka saran maciji: a gonakin shinkafa da bakin gulbi ba a rasa kububuwa, kasa da gamsheƙa. In ka ga fuska ko ƙafa ta kumbura farat ɗaya, jini na tsattsafowa daga ɗan huji bai daskarewa, kada ka tsaga, kada ka ɗaure, kada ka bar shi ya yi tafiya da ƙafarsa. Ɗauke shi ka tafi.

Ana samun ma'aikatan lafiyar dabbobi na gwamnati a Birnin Kebbi da sauran manyan garuruwan jihar, kuma ga aiki mai nauyi akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ka nemi lambar wani daga cikinsu tun kafin ranar buƙata.

Wanki

Wannan shi ne rabin maganin, amma shi ne mutane suka fi yi a gaggauce. Fara da gashi. Ka ɗora ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a kan raunin don kada gashi ya faɗa ciki, ka sa almakashi ka rage gashin da ke kewaye, faɗin yatsa biyu ta kowane gefe. Kada ka yi da reza, tana ƙara karce fata. Sau da yawa sai an rage gashin ake ganin rauni na biyu da ya ɓuya.

Sai ruwan gishiri. Ka tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar ruwa ɗaya, ka zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ba mai tozo ba, ka bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Wannan awon ya yi kusa da gishirin da ke cikin jinin jiki, shi ya sa ba ya raɗaɗi kuma ba ya kashe naman da ke ƙoƙarin tsirowa. In ka cika gishiri zai yi zafi, kare ya ƙi tsayawa. Kada ka zuba busasshen gishiri a rauni ko kaɗan.

Ka sayi babban sirinji, mai cin mil 20, ka cire allurar ka ajiye. Ka zuƙo ruwan ka fesa cikin raunin daga sama zuwa ƙasa, yadda dattin zai gangara waje. In babu sirinji, ka huda murfin gorar ruwa mai tsabta da allura ka riƙa matsawa. Ka yi ta yi har ruwan da ke sauka ya fito fes, ba yashi, ba gashi, ba ɓurɓushin ciyawa. Kada ka ji ƙyashin ƙarar da rabin litar nan duka a kan rauni ɗaya, yawan ruwan ne ke fitar da ƙwayoyin cuta. Abin da ya maƙale, kamar ƙaya, ƙarangiya ko tsinin tsidau a tsakanin yatsu, ka cire da hantsakin da ka tafasa. Amma in kwalba ce ko ƙarfe ya shige da zurfi, bar shi a wurin, likita ya cire, domin wani lokaci shi ne ya toshe jijiyar jini.

Ka tsane gefen da bandeji mai tsabta, dannawa a hankali, ban da gurzawa. Auduga tana barin zare a cikin rauni, gara bandejin.

In ƙuna ce, ta salansa, ruwan zafi ko garwashi, ka fara da zuba ruwan sanyi na randa ko famfo minti 10 zuwa 20. Ban da ƙanƙara, ban da manja, ban da man goge baki. Ƙunar da ta fi tafin ƙafar karen faɗi, ko fatar ta yi fari ko baƙi ta ƙandare, ta likita ce.

Abin da za a shafa

Bayan wanki, abin da na fi amincewa da shi shi ne aidin mai ruwan ƙasa da ake kira fobidon, wanda kowane kemis ke sayarwa. Ƙarfinsa a kwalba kashi 10 cikin 100 ne, ya yi yawa ga buɗaɗɗen nama. Ka surka murfi 1 da murfi 9 na tafasasshen ruwa, har launinsa ya koma na shayin da bai ji ganye ba, ka zuba a kan raunin. Ka lura kada a ba ka aidin mai haɗe da sifirit, wannan raɗaɗi gare shi. Sifirit ɗin kansa da ruwan nan mai kumfa, haidurojin, suna kashe ƙwayar cuta amma suna haɗawa da sabon nama, sai warkewa ta ja baya. Izal da Dettol kuwa suna iya ƙona fatar dabba kuma suna cutarwa in an lasa.

Feshin nan mai launin shuɗi da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi yana da amfani a kan ƙujewa da karce marar zurfi. Aibinsa ɗaya: yana rine wurin, ka kasa gane ko naman ja ne ko ya fara ruɓa. Saboda haka ka fesa kaɗan, kuma kada ya zama madadin wanki. Zuma tsantsa, wadda ba a haɗa da sukari ba, tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a rauni, amma sai an rufe ta da bandeji, in ba haka ba ka gayyato tururuwa da harshen karen.

Maganin ciwon jiki na mutane kuwa, ka nisanta shi da kare. Ibufurofen da dikulofenak suna huda masa ciki su lalata ƙoda, farasitamol in ya yi yawa yana taɓa hanta, kuma ƙwaya ɗaya ta babban mutum ta yi wa ƙaramin kare yawa. Haka fasa kafso a barbaɗa a rauni ko a ɗura masa ragowar maganin yara. In yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ko na zafi, likita ne zai auna nauyinsa ya rubuta.

Harshe da ƙuda

Ana cewa yawun kare magani ne, a bar shi ya lashe abinsa. Lasar farko tana ɗan share datti, iyakarta ke nan. Kare bai san ya isa ba, zai yi ta lasa da tauna har ya ɓare ɓawon da ya fara kamawa, kuma bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta. Ka yi masa abin da zai hana bakinsa kaiwa ga raunin: ka yanke gindin ƙaramin bokitin roba daidai wuyansa, ka naɗe bakin yankan da ƙyalle ko filasta don kada ya ci masa fata, ka huda ramuka ka ɗaure da abin wuyansa, bakin bokitin ya ɗan zarce hancinsa. Ga ɗan kwikwiyo kwali mai kauri ya wadatar. Ranar farko zai yi ta karo da bango yana kuka. Ka daure, ya kan saba cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka tabbatar yana iya kai baki ga ruwa.

Raunin gangar jiki marar zurfi an fi barinsa a buɗe, ko a sa wa karen tsohuwar rigar yaro mai tsabta. Na ƙafa yana son bandeji saboda ƙasa. Ka fara naɗi daga yatsu ka hau sama, ka bar ƙumba biyu na tsakiya a waje don ka riƙa dubawa. In yatsun sun kumbura, sun yi sanyi, ko sun ware daga juna, naɗin ya matse, kwance shi nan take. A canza bandeji kullum, kuma da ya jiƙe a cire, jiƙaƙƙen bandeji ya fi rashinsa illa.

Ƙuda shi ne babban abokin gaba a damina, musamman a garuruwan bakin ruwa irin su Argungu da Yauri. Yana ajiye ƙwai a kan rauni, cikin kwana ɗaya su ƙyanƙyashe. Ka ajiye karen a ɗaki ko rumfa mai dandamalin siminti, a share, a kwashe kashi kullum, in da hali a rataya masa tsohon gidan sauro. Ka shafa basilin a gefen raunin, ban da cikinsa. Bakin kunnuwan da ƙuda ke ci har su yi ɓawo baƙi, su ma a wanke da ruwan gishiri a shafe da basilin mai kauri safe da yamma.

In tsutsa ta riga ta shiga

Iri biyu ne, kuma ba a yi musu aiki ɗaya. Akwai wadda ke cika buɗaɗɗen rauni, da wari da ruwa-ruwa. In kaɗan ce a sama, ka fesa ruwan gishiri ka tsince da hantsaki ɗaya bayan ɗaya, ka sake dubawa da yamma da washegari, domin ƙananan suna ɓuya. In ta yi rami ta shige, ko tana kusa da ido, kunne ko dubura, likita ne zai ba da maganin da ke kashe ta ba tare da ya kashe karen ba. Maganin ƙwari na gona ko na ɗaki yana ratsa rauni ya shiga jini. Karen da aka ɗiga wa za ka gan shi yana dalalar da yawu, jiki na rawa, kuma ƙarami ba ya jurewa.

Ɗaya irin ita ce mai kama da maruru, wadda ta fi kama 'yan kwikwiyo a ciki, ƙafafu da gindin wutsiya. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai a yashi mai inuwa da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta huda fatar mai kwanciya a wurin, ta girma a ciki kwana 8 zuwa 12. In ka dubi ƙurjin da kyau za ka ga ɗan rami a tsakiya, wani abu fari yana motsi yana leƙowa. Ta nan take numfashi. Ka toshe ramin da basilin, ka jira 'yan mintoci, za ta yunƙuro waje. Sai ka sa yatsu biyu a gindin ƙurjin ka matsa a hankali har ta fito ɗungurungum. Kada ka fasa ta a ciki, ragowarta na sa wurin ya yi mugunya. Ka wanke ramin, ka laluba duk jikin don da wuya ta zo ita kaɗai, sannan ka sauya masa makwanci, in ba haka ba wata za ta sake shiga.

Kwanakin jinya

Ka wanke sau biyu a rana a kwana ukun farko, daga nan sau ɗaya. Ɗan ja da ɗan kumburi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Wajen kwana na huɗu ko na biyar za ka ga nama ja mai ɗanshi da ƙananan gudaji ya fara cike wurin, gefen fata yana matsowa ciki. Wannan naman lafiya ne, kada ka gurje shi, kuma kada ka ɓare ɓawo. Ƙaramin rauni ya kan rufe cikin kwana 10 zuwa 14.

Alamun da ke cewa aikin ya fi ƙarfin gida su ne kumburi mai ƙaruwa bayan kwana biyu, zafi a wurin, mugunya, wari, naman da ya koma toka-toka ko baƙi, ɗingishin da ke tsananta, ko karen ya daina ci ya kwanta lakwas. Zafin jikin kare na lafiya digiri 38 ne zuwa 39 da ɗoriya kaɗan, abin da ya kai 40 zazzaɓi ne.

A ɗaure shi ko a killace shi, ban da yawo, ban da shiga gulbi ko kwata. Tuwo da ƙanzo kaɗai ba sa gina nama, ka ƙara masa dafaffen ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya, ko ɗan nama. Ka kula da ragowar miya: albasa, wadda Allah Ya hore mana a Aliero har ba ma girki sai da ita, tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ce ko dafaffa. Ruwan sha kada ya yanke a gabansa. Ka kuma cire masa kaska, don karen da kaska ta shanye wa jini rauninsa ba ya saurin rufewa.

Sauran magana ita ce ciwon haukan kare. In karen da ya ciji naka baƙo ne, ko an gan shi yana dalala, yana cizon duk abin da ya tarar, ka killace naka inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, ka sanar da likitan dabbobi a ranar, ka gaya masa ko an taɓa yi wa naka rigakafi. Ciwon na iya ɗaukar makonni ko watanni kafin ya bayyana, don haka warkewar fata ba ta nuna an tsira. Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana da wata 3, a riƙa sabuntawa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa allurar a nan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamu sun bayyana ba a tashi. In a garin jinya karen ya cije ka ko ya yakushe ka har fata ta fashe, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, ka tafi asibiti a ranar a duba batun allura, a kuma tsare karen a sa masa ido kwana 10.